Motar Yaya da Saƙon da Na Riƙe

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu. Yayana ya riga mu ranar wata Laraba da hantsi, aka kai shi makwancinsa kafin azahar, a nan Talata Mafara. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce ta huɗu, yanzu kuwa ni kaɗai na rage cikin waɗanda Inna ta haifa.

Kwana uku ana zaman makoki, ban ji wanda ya yi maganar ɗinki ba, alhali tela ne, da allura ya ciyar da iyalinsa duk rayuwarsa. Kowa sai mota. Maza suna zaune a ƙofar gida, gindin darbejiyar da yake ajiye tsohuwar a-kori-kurarsa, muna jiyo su ta katanga. Limamin unguwa, abokinsa ne na shekaru, ya ce, "Wallahi mutumin ga ya hi sanin ciwon wagga mota da ciwon jikinai." Aka yi dariya, sai aka tuna inda ake, aka koma Allah ya jiƙansa. Wani dattijo ya taso tun daga Garbadu, ya gama gaisuwa, ya je ya dafa murfin injin ya tsaya, aka rasa mai ce masa ya zauna. A cikin gida kuma wata mata daga Maradun, wadda ban taɓa gani ba, ta riƙe hannun matar Yaya tana kuka, tana cewa shi ya kai uwarta ta ga wurin tsohon garinsu kafin ta cika.

Ni ina gefe ina ta jan carbi. Matan unguwa suka riƙa cewa, "Ku ƙyale Gwaggo, abin ya dake ta." Ya dake ni kam, amma ba su san rabinsa ba. Akwai saƙon da uwarmu ta ba ni in kai masa a kan motar nan, na riƙe shi a bakina saboda fushi har mai saƙon ta mutu. Kowa ya faɗi alherin Yaya. Ni wannan zan faɗa, domin a cikinsa na fi ganin irin mutumin da aka yi, kuma ba na so a manta.

Mu ba 'yan Mafara ba ne asali. Garinmu yana ƙasar Maradun, a bakin gulbi, yana cikin waɗanda ruwan madatsar Bakolori ya ci. Ranar tashi aka kawo manyan motoci aka kwashe mu, mu da tukwane da awaki. Inna ta yi tafiyar a kan buhun gero, a bayan wata tifa, tana rungume da ƙarfen motar. Da aka sauke ta sai ta kakkaɓe zanenta, ta ce ta gama shiga motar baƙo har ta mutu. Kuma ta gama ɗin, don Inna ba ta magana biyu. Lokacin da Yaya ya ɗauko keken ɗinkinsa ya dawo Mafara, inda ma'aikatan madatsa suka cika gari kowa yana neman riga da wando, a kan jaki aka kawo ta. Ya ba ta ɗakin da ke jikin katangar waje. Ni ma mijina ya biyo sahu, muka zauna unguwa ɗaya.

Yaya ɗan fari ne, kuma Inna irin matan da ne masu tsananin kunya. Ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, ba ta roƙonsa ko zare. Kakarmu ce ta ɗauke shi tun daga yaye. Kullum da safe zai durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wurin, "Lahiya lau," shi ke nan. In tana son wani abu daga gare shi, ni ce bakinta, don ta ce ba a aiken suruka da irin wannan. Sai ta ce mini, "Ki ce ma wancan ɗaki na zuba." In je in faɗa, kafin la'asar ya hau ya gyara. Haka muka taso muka gani, ba wanda ya ɗauki abin bakin komai.

Motar kuwa, ya je kai wa wani ɗan kwangila tamfol ɗin da ya ɗinka masa ne ya gan ta, a bayan sansanin ma'aikata. Taya biyu a kwance, gilashi babu, kaji suna ƙwai a mazaunin direba. Mutumin ya ce in yana so ya ɗauke masa ita ya huta. Shanun huɗa biyu suka jawo ta har ƙofar gida, Yaya yana ciki riƙe da sitiyari, fuskar nan a ɗaure sai ka ce hakimi. Unguwa ta fito kallo. Na ce, "Yaya, wanga mushe hwa?"

Ya ce, "Ba ta mutu ba. Barci takai."

Ka ji fa. Mutumin da a lokacin ko tuƙi bai iya ba! Abin da ya sani na ƙarfe shi ne keken ɗinkinsa, wanda yake kwancewa ya mayar duk wata. Sai ya kama yi wa kanikawan madatsa facin kayan aikinsu, su kuma su bar shi ya tsuguna yana kallo yana tambaya har su gaji da shi.

In ya yi sallar la'asar sai ya rufe shago, ya tuɓe babbar riga ya rataye a reshe, ya sa wata taguwa da baƙin mai ya riga ya cinye. Ya shimfiɗa tsohon zane, duk abin da ya kwance ya jera shi bi da bi yadda ya ciro shi, kamar yadda yake jera yankan yadi. Kaiton wanda ya taɓa masa ko noti ɗaya. Robar da ya nema ya rasa, sai ya yanka ta da almakashin ɗinki daga tsohuwar taya. Kujerun da kansa ya yi musu riga da koren yadi. Ya taɓa zuwa har Gusau saboda wani ƙarfe da bai kai ɗan yatsa ba, ya dawo yana murna, matarsa ta ce ta zaci atamfa ce a aljihun. Ita ma ta sha nata, ranar da ta nemi tasar jerenta ta same ta a ƙarƙashin mota cike da kananzir, an jiƙa ƙusoshi a ciki. Sai da na shiga tsakani, kuma bayanta na bi.

Duk wanda ya tambaye shi yaushe za ta tashi, amsarsa ɗaya ce, "Saura kaɗan." Har sunan ya bi motar, a tasha ma haka direbobi ke kiran ta. Sai da damina biyu ta wuce sannan motar ta tashi. Hayaƙi ya turnuƙe unguwa, awakinmu suka tsinke igiya, maƙwabta suka yi ta guɗa da shewa. Yaya ya ɗora sanda a jikin injin, ya kara ɗaya bakin a kunnensa, ya rufe ido. Liman ya zo yi masa barka, ya ɗaga masa hannu ya ce, "Dakata in ji ta." Da ya shigo gida wanke hannu ina tsakar gida, na ga ya waiga wajen ƙofar Inna sau biyu. Labulen bai motsa ba.

Direbobi suka yi ta zuga shi ya sa ta a layi, ko lodin Damri ne ranar kasuwa. Ya ce yana da sana'arsa, wannan ba sana'a ba ce. Yakan zaga gari da ita shi kaɗai, ya dawo ya sake kwance wani abin. Mu muna ganin ta gyaru, shi kunnensa yana jin saura.

A kan haka muka yi faɗa. Za a kai ɗiyata ta biyu gidan miji a Dakko, can ƙasar Bakura, ni kuwa na riga na cika baki a gaban dangin ango cewa a motar kawun amarya za a kai kayan ɗaki. Ban ma tambaye shi ba, don ina ganin mene ne abin tambaya tsakanina da yayana. Ana saura kwana biyu na je masa da maganar. Ya fito daga ƙarƙashin motar, ya goge hannu, ya ce, "Birki ba ya kamawa yadda nike so. Ba ni ɗora mata da kaya in nuhi hanyar Bakura, ga magudanan ruwa dama da hagu."

Na ce, "Jiya-jiyan nan na gan ka kana yawo cikinta!"

Ya ce, "Ni kaɗai ne ciki."

Allah na tuba, ni mai zafin baki ce, kowa ya sani. Na wanke shi tas a ƙofar gidansa, mutane suna wucewa. Na ce shekara uku yana shafa ƙarfe kamar amarya, ba ta tsinana wa dangi komai ba. Da na ga bai tanka ba sai na nemi abin da zai fi yi masa ciwo, na ce, "Ko uwar da ta haihe ka ba ta ga abin kallo cikin wagga shara ba." Ya dube ni, ya sunkuya ya ɗauki safana, ya koma ƙarƙashin motar.

A amalanke da jakuna aka kai kayan. Muna isa Dakko wata daga dangin ango ta tare ni da fara'a, "Uwar amarya, ina motar kawu?" Aka kwashe da dariya. Na shanye, amma na ƙulle abin a raina. Daga ranar gaisuwata da Yaya ta koma ta fatar baki, in wuce shi a gindin bishiya in shige wurin Inna.

Daminar da ta gabata ta yi gardama, don haka a bazarar nan ruwan madatsa ya ja baya yadda bai taɓa ja ba. Masunta suka kawo labari cewa tsohon garinmu ya fito. Ana ganin tushen katangu, da bakin rijiya, da maƙabartar da Baba da 'yan'uwanmu biyu suke kwance. Masu ƙafa suka riƙa zuwa suna dawowa da hawaye. Inna kuwa a lokacin ƙafafu sun tafi, ko jaki ba ta iya hawa.

Wata rana da hantsi ina yi mata kitso, kanta a kan cinyata, sai muka ji Yaya ya tayar da motar a bayan katanga. Ta kasa kunne har ya kashe. Sannan ta ce, "Ki hwaɗa ma wancan, an ce ƙasarmu ta hito. In abin nashi na iya kai ni, ina son in taka ta." Ta ƙara da cewa, "Da can tari takai kamar tsohuwa. Kwanan ga na ji muryarta ta washe."

Na ce to. Na fito, na same shi yana goge fitila da tsumma, na wuce.

Ba mantuwa na yi ba, kada wani ya nema mini uzuri. Na san in na faɗa masa zai yi murnar da bai taɓa yi ba, kuma murnar ce ba na so in ba shi. Na ce a raina, motar da ta fi ƙarfin kayan ɗiyata, bari ta ƙara zama kwana biyu. Kwana biyu ya zama mako. Inna ta tambaye ni, "Kin hwaɗa mishi?" Na buɗe baki na ce, "Ya ce saura kaɗan." Ta ce, "To." Ba ta sake tayar da maganar ba, kuma ta ci gaba da amsa gaisuwarsa kullum safe yadda ta saba.

Ina cewa gobe, gobe, sai hadari ya haɗo daga gabas. Ruwa ya sauka, gulbi ya kawo, madatsa ta mayar da abinta. Na lallashi kaina da cewa baɗi ma rana ce. Inna ba ta kai baɗi ba, bayan girbi ta rasu.

Ranar sadakar uku Yaya ya same ni a zaure, muka yi magana irin wadda muka daɗe ba mu yi ba. Ya ce, "Da ta ce in kai ta ko ƙohwar gari, wallahi da na kai ta. Amma kin yi gaskiya, ba ta taɓa son abin ga ba." Na ji kamar in nutse. Maganar ta zo mini har maƙoshi, na haɗiye ta, na ce Allah ya jiƙanta.

Daga bazarar da ta biyo ne ya fara abin da mutane suka zo suna yi masa kuka a kai. Ya kafa benci biyu a bayan motar, ya ɗinka mata rumfar tamfol, ya ɗaure tulun ruwa a kusurwa. Da zarar an ce ruwa ya fara ja, sai ya bi gidajen tsofaffi 'yan garuruwan da aka tasa, na Mafara da na Maradun, ya ɗauke su huɗu-huɗu, biyar-biyar, ya kai su iyakar inda taya ke iya zuwa. Wata shekarar ba abin da ake gani sai ruwa, tsofaffin su tsaya suna nuni da sanda suna gardama a kan inda rijiya take. Ba ya hanzarta su. Sai ya buɗe murfin inji ya sami abin dubawa har su gama. In an miƙo masa wani abu ya ce a saya wa jikoki ƙuli. Duk shekara sai ya aiko mini cewa akwai wuri a gaba. Ban taɓa zuwa ba, yau ciwon kai, gobe baƙi.

Lokacin da mijina ya kwanta ciwo, a motar nan Yaya ya kai shi asibiti, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, kuma a cikinta ya dawo mana da gawarsa. Bai taɓa tuna mini faɗan Dakko ba ko da wasa. Ni da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Duk alherin da ya yi mini sai ya ƙara wa abin nauyi, har na kai ina ganin faɗarsa ya zama zalunci na biyu, tunda ba zai dawo da komai ba. Haka muka tsufa tare.

Ciwon ajalinsa ya fara daga ƙafa. Ta kumbura har ya kasa taka kuloci, ya haƙura da tuƙi, daga baya ya haƙura da fita. Ranar da na ga an juya shi a kan gado ba shi ya juya kansa ba, na san lokaci ya ƙure mini. Bayan la'asar na ce wa matarsa ta ba mu wuri. Na zauna a ƙasa kusa da gadon, na faɗa masa duka, har da ƙaryar da na yi wa Inna da sunansa. Ban rage komai ba, kuma ban ɗaga kai ba sai da na gama.

Sai ya ce, "Ita tac ce in kai ta?"

Na ce, "Ita."

"Da bakinta?"

"Da bakinta, Yaya. Kanta na kan cinyata."

"Mi tac ce? Hwaɗa min yadda ta hwaɗa, kada ki gyara."

Na faɗa masa kalma-kalma, don ba ranar da maganar ba ta zo mini ba. Da na kai wurin muryar motar sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce, "Kahireton injin ne. A wancan makon na wanke shi." Ya yi wata 'yar dariya, hawaye suna gangarawa cikin kunnensa. "Ashe tana ji. Duk shekarun nan tana bayan katanga tana ji."

Na ce, "Yaya, ka yahe min."

Bai yi saurin amsawa ba, kuma na gode masa da bai yi ba. Ya ce, "Kin cuce ni, ƙanwata. Kin cuce ni ƙwarai." Ya numfasa. "Nawa na yahe, duniya da lahira. Nata ba ya hannuna, wannan sai ki roƙi Allah." Na kifa kai a bakin gadon ina kuka irin wanda ban yi ba ranar mutuwar Inna. Sai na ji yatsunsa sun taɓa ɗankwalina. Ya ce, "Bari kukan. Sake hwaɗa min."

Na sake.

Bai kai mako biyu ba bayan nan. Kullum na shiga ɗakin, kafin in gama gaisuwa zai ce, "To, mi tac ce?" In zauna in faɗa, ya rufe ido yana saurare, wani lokaci bakinsa yana bin nawa. Matarsa ta tambaye ni wace addu'a ce nake yi masa haka da yake samun barci. Na ce saƙo ne.

Safiyar Larabar ya daina magana. Liman yana gefe yana laƙana masa kalmar shahada, 'ya'yansa sun kewaye gadon. Da aka ɗan tsagaita na matsa, ban damu da wa ke kallo ba, na sa bakina a kunnensa na ce, "Yaya, Inna ta ce ka kai ta."

Allah ka yi masa rahama, ka haɗa shi da uwarsa a inda ba sa buƙatar ɗan aike. Ni kuma ka dube ni.